Manniru da Furogiram ɗin Goro

Tun ranar da Manniru ya gama kwas ɗin wata shida a wata makarantar koyon kwamfuta da ke Mokola, mutanen unguwar Sabo ba su sake samun sakat ba. A shekarar casa'in da huɗu ne wannan, lokacin da duk faɗin unguwar Hausawa ta Badun waɗanda suka taɓa ganin kwamfuta ba su taka kara sun karya ba, kuma a cikinsu Manniru kaɗai ya taɓa danna ta. Ubansa goro ya sayar, kakansa ma goro ya sayar, shi kuwa ya ninke babbar riga ya ajiye, ya ɗaure wuya da nektai, ya ce daga yau sunansa Injiniya.

Burinsa guda ɗaya ne. Akwai wani kamfanin kwamfuta a Legas, bene hawa goma sha biyu, gilashi tun daga ƙasa har sama. A jikin kalanda ya ga hotonsa, ya yanke ya manna a bangon ɗaki. Bai taɓa taka ƙofar wurin ba, amma ba ya kiransa da komai sai "kamfaninmu". In aka yi kukan zafi, sai ya ce a kamfaninmu sai mutum ya sa rigar sanyi. In aka kawo tuwo, sai ya ce a kamfaninmu da cokali mai yatsu ake ci. Har ta kai in ya doso majalisa, mutane kan tuna suna da uzuri a cikin gida.

Ana nan sai kamfanin ya yi sanarwa a jarida cewa zai zo Badun ɗaukar ma'aikata. Duk mai so ya rubuto furogiram na kansa, wato jerin umarnin da ake tsara wa kwamfuta layi bayan layi, ya kawo shi a kan faifai ranar Litinin a wani zauren taro da ke Mokola, a gwada a gabansa.

Gaskiyar magana, Manniru ba jahili ba ne a kan na'urar. Bakinsa ne dai ya fi hannunsa sauri. Sati uku ya yi yana zarya makarantarsu, ya ƙera furogiram ɗin da za ka gaya masa launin goro, da girmansa, da kwanakin da ya yi a huhu, shi kuma ya gaya maka ranar da za a yayyafa masa ruwa da ranar da sankara, wato tsutsar goro, za ta iya kama shi. Kwamfutocin makarantar irin na dā ne, ba sa riƙe komai a cikinsu, don haka ya ajiye aikin a baƙaƙen faifai guda biyu masu kusurwa huɗu, ya kuma buga shi a doguwar takardar nan mai huji a gefe, shafi goma sha ɗaya cif.

Wadda ya fara kai wa labari ita ce Gwaggo Mairama, yayar marigayi ubansa, wadda ta shekara talatin tana zaɓen goro a tsakar gidansu. Ya same ta ta baje faranti, tana ware marsa gefe, ƙanana gefe, hannunta yana aiki ba ta ko kallon goron.

"Gwaggo, hutu ya zo miki. Wannan aikin da kike yi, na'ura za ta yi shi kafin ki ƙyafta ido."

"Na'urar tana da hanci?"

"Ba ta bukatar hanci."

"Tana da haƙori?"

"Gwaggo, ilimi ne zalla. Lissafi ne."

"To in ba ta shinshina ba ta ɓantara, ina za ta san mai tsutsa?" Ta jefa wani goro cikin kwandon shara ba ta ɗago ba. "Matsa mini daga haske, ɗan nan."

Daga nan ya zarce wurin Babandi mai tsire, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda tukubarsa ke bakin layi. Babandi ya ga takardar a hammatarsa, ya shafa ta, ya yaba kaurinta.

"Injiniya, wannan takarda ba ta yi kama da mai zubar da mai ba."

"Ka ga matsalarku ke nan. Kai takarda kake gani, ni duniya nake gani." Ya zaro faifai ɗaya daga aljihu ya ɗaga sama yadda mutanen da ke kan benci za su gani. "Duk abin da ke cikin tulin nan yana cikin wannan. A kamfaninmu ba ma taɓa takarda, sai 'yan ƙauye. Ungo, na ba ka kyauta."

"Ka tabbata?"

"Sai na rantse maka?"

Babandi ya karɓa ya tura ƙarƙashin tebur. A nan take Manniru ya ba shi kwangilar tsiren walimar bankwana, wadda ya ce za a yi ranar Lahadi bayan la'asar. Wani dattijo a kan bencin ya tambaya ko ba ranar Litinin ba ce jarrabawar. Manniru ya yi masa murmushin tausayi, ya ce jarrabawar ai cika ƙa'ida ce kawai, don kada sauran masu nema su ji haushi.

Ranar Talata da yamma ya miƙa wa matarsa Barakatu faifai ɗaya. Barakatu mace ce mai tsare amana, alala take yi a gida ana fitar mata da shi, kuma abin da aka ce mata shi take yi, ba ragi ba ƙari.

"Ki adana mini wannan. Arzikinmu ne gaba ɗaya a ciki."

"Yaya ake adana shi, Malam?"

Ya yi ajiyar zuciya irin ta masanin da aka haɗa da talakawa. "Bari in yi miki yadda za ki gane. Kin san goro? To kamar goro yake. Ba ya son rana, ba ya son zafi, ba ya son bushewar iska. Yadda za ki riƙe farin goro mai tsada, haka za ki riƙe shi."

"Kamar goro."

"Sak."

Ranar Alhamis da ya nema, sai ta jawo ƙaramin kwando daga bayan randa. Ta warware tsumma mai laima, ta buɗe ganyen fita ɗaya bayan ɗaya, ga faifai nan kwance a tsakiya yana ƙyalli, takardar sunan da ke jikinsa ta jiƙe ta zama kunu.

"Safe da yamma nake yayyafa masa," in ji ta. "Jiya ma da aka yi zafin nan sau uku na yi."

Manniru ya riƙe faifan da yatsu biyu, ruwa yana ɗiga daga kusurwarsa. "Barakatu, wa ya ce ki sa masa ruwa?"

"Kai ka ce kamar goro."

"Misali na yi miki."

"Ni kuwa na tambaye ka, ka ce sak. Da ka ce kamar garin kwaki ne, da a buhu na sa shi."

Ya garzaya makaranta da shi, kwamfuta ta yi gurnani sau biyu ta ƙi karantawa. Ya so ya kwafi na biyun a wani sabo, sai aka ɗauke wuta, mai makarantar ya ce sai dai ranar Litinin. Manniru ya dawo gida ya cusa faifan da ya rage a cikin rigar matashin kansa, ya kafa wa Barakatu doka, kada ta sake yi masa maganar faifai, kada ta tambaye shi, kada ta ba shi labari, ko da gobara ce.

Da ya tsaya a nan, da an zauna lafiya. Amma labarin jiƙaƙƙen faifai ya riga shi zuwa majalisa, domin masu zuwa sayen alala sun ji komai. Da aka fara yi masa tsiya, sai ya ga ba zai yiwu Injiniya ya amsa cewa bakinsa ne ya jawo ba. Ya tsuke fuska, ya sassauta murya.

"Ku kuna dariya don ba ku san abin da ake ciki ba. Ruwa ba ya yi wa faifai komai. Hannu aka sa."

"Hannun wa?" in ji Babandi.

"Ba zan kama suna ba. Amma akwai waɗanda ba sa son ɗan Sabo ya hau bene goma sha biyu. Akwai ma wata cuta da ake tura wa faifai daga nesa, ba ka ganin ta, sai dai ka ga aiki ya lalace. Yanzu saura guda ɗaya, shi suke hari."

Majalisa ta yi tsit. Manniru ya ji daɗin tsit ɗin nan har cikin ransa, ya ƙara da cewa a kamfaninmu ma sun san da maganar.

Kafin magariba zance ya isa kunnen Gwaggo Mairama. Ita ba ta yarda da na'ura ba ko kaɗan, amma ta yarda da mahassada, kuma duk shirmen Manniru jininta ne. Washegari da hantsi, yana can wurin tela ana gwada masa kwat, ta yafa mayafi ta faɗa gidansa.

"Ina abin nan na mijinki da ake tura wa cuta?"

Barakatu ta duƙa. "Gwaggo, ya ce kada in yi maganarsa."

"Ni na ce ki yi magana? Ɗauko mini kawai."

Babu matar da za ta ce wa gwaggon mijinta a'a, don haka ta ɗauko. Da Manniru ya dawo ta buɗe baki za ta faɗa masa, ya ɗaga mata hannu ya tambaya ko maganar faifai ce. Ta ce ita ce. Ya ce to ta riƙe abinta. Ta riƙe.

Ranar Lahadi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka jera kujerun haya. Dillalan goro sun zo, 'yan kasuwar Bodija masu doya da albasa sun zo, har da wasu fatake da suka sauka daga Arewa ba su san ko wane ne shi ba, sun dai ji ana rabon tsire. Manniru ya fito cikin kwat mai ruwan toka, gumi yana bin wuyansa, ya yi jawabin da ya kusa cinye la'asar ɗin gaba ɗaya. Ya yafe wa duk wanda ya taɓa yi masa dariya. Ya yi alkawarin ba zai manta da Sabo ba, duk da dai ayyuka za su yi masa yawa. Ya ce duk mai son ganinsa a Legas ya riƙa aiko da takarda tun da sati guda. Babandi kuwa yana ta yanka yana barbaɗa yaji yana naɗewa, ana miƙa wa jama'a.

Ana cikin ci sai Gwaggo Mairama ta leƙo daga zaure ta ce a kira mata shi. Ya matso yana murmushi. Ta zaro wani abu daga cikin mayafi, laya ce jar fata, sabuwa fil, mai kusurwa huɗu, faɗinta ya kai tafin hannu, da igiya mai kauri. Ta rataya masa a wuya a kan nektai ɗin.

"Ga abinka nan. Na kai wa malami ya yi masa tofi kwana biyu, baduku ya rufe shi. Yanzu in sun isa su turo cutar mu gani."

Jama'a suka ɗauki amin. Manniru ya shafa layar. Ya ji kusurwa ta farko, ya ji ta biyu. Ya juya ta, ya ga ɗinki ya zagaye gefe-gefe, sannan ga wani layin ɗinkin ya ratsa tsakiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani kuma ya gicciye shi.

"Gwaggo," ya ce da wata siririyar murya, "mene ne a ciki?"

"Me kake tsammani? Baduku ya ce yana ta zamewa a cikin fatar, na ce ya kafe shi da basilla ta tsakiya. Ba ya ko motsi yanzu, taɓa ka ji."

Ya waiwaya ya ga Barakatu a bayan labulen zaure.

"Na so in faɗa maka," in ji ta.

Ya juyo wajen jama'a don kada Gwaggo ta ga fuskarsa, sai idonsa ya faɗa kan hannun wani dillali da ke gabansa. Mutumin yana lasar yaji daga wata takarda mai huji a gefe. A jikinta, ƙarƙashin mai, ga lambobin layi suna bin juna. Ya dubi na kusa da shi, haka. Ya dubi tabarma ta biyu, haka. Furogiram ɗinsa gaba ɗaya yana hannun mutanen Sabo, an yayyaga shi rabi-rabi, kowane rabi da tsire a ciki.

"Kowa ya tsaya," in ji Manniru. "Kada wanda ya jefar da takarda."

Ya faɗa cikin taron. Ya fizge ta hannun dillalin, tsire ya watse a kan rigar mutum. Ya roƙi wani Alhaji ya ɗaga ƙafa, domin ya shimfiɗa tasa ya ɗora takalmi. Wani bafatake ya riga ya dunƙule tasa ya goge baki, Manniru ya warware ta a hankali yana yi masa godiya. Wani kuma ya ƙi sakin tasa, ya ce bai gama ba, sai da Injiniya ya tsuguna a gabansa cikin kwat yana jiran ya cinye yanka na ƙarshe.

"Injiniya," Babandi ya kira daga tukuba, "ba kai ka ce takarda ta 'yan ƙauye ce ba?"

"Babandi, ba lokacin wasa ba ne. Ina sauran?"

"Duk na naɗe. Ka ce kyauta ka ba ni, har ka so ka rantse."

"Aro na ba ka."

"To ga ta nan ana dawo maka da ita."

Kafin a kira magariba ya tara su a kan tabarma, yana haɗa rabi da rabi, jama'a sun zagaye shi suna ba da shawara. Wani ya ce wannan ta fi kama da waccan don yajinsu iri ɗaya ne. Shafi goma suka haɗu. Na bakwai babu shi, sama da ƙasa. Da aka bincika sai aka tuna wani direban babbar mota ya karɓi ƙunshi biyu ya ce zai ci a hanya, kuma tun ɗazu ya ɗauki hanyar Kano.

Manniru ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wando, ya dubi jama'a. A nan ne mai hankali zai yi shiru. Shi kuwa cewa ya yi, "Shafi ɗaya? Ai a kaina yake. Duk mai shakka ya zo gobe ya gani da idonsa."

Suka kuwa zo. Mokola ba nisa, kuma rabon Sabo da abin kallo irin wannan an daɗe. Mutum ya fi talatin suka raka shi, Gwaggo Mairama a gaba, Babandi a baya ya bar tukuba a rufe. Masu gadin zauren suka hana su shiga, sai suka mamaye tagogi.

A ciki an jera kwamfutoci takwas a kan dogon tebur, masu neman aiki suna zaune kowa da faifansa a cikin leda mai tsabta. Wadda kamfanin ya turo wata Bayarbiya ce mai gilashin ido, Madam Oyelaran, mace marar yawan magana. Ta zo kan Manniru ta miƙa hannu.

"Ina faifanka?"

Ya shafa ƙirjinsa, inda layar take ƙarƙashin kwat, domin Gwaggo ta hana a cire. "Madam, yana nan, amma yana cikin tsaro."

"To me za ka nuna mini?"

Ya zaro takardun. Ƙamshin ƙuli da albasa ya tashi, na kusa da shi ya haɗiyi yawu. Madam ta ɗauki shafi ɗaya da bakin biro, ta ga haske yana ratsa shi saboda mai.

"Awa ɗaya," in ji ta. "In ka iya sake bugawa, zan duba."

A nan fa Manniru ya nuna wata shidan nan ba a banza suka tafi ba. Yatsunsa suka yi ta gudu, mutanen taga suna gyaɗa kai. Inda mai ya cinye lamba ya cike da ka. Da ya iso gurbin shafi na bakwai sai ya tsaya cak. Shafin nan shi ne mai gaya wa kwamfuta inda za ta tsaya bayan ta ba da amsa. Ya tuna farkonsa, ƙarshen ya ɓace masa. Ya ɗaga kai ya ga idanun mutum talatin da wani abu a kansa, sai ya murza yatsu, ya buga abin da ya zo masa, ya ce ya gama tun kafin lokaci ya cika.

Madam ta ce a kawo goron gwaji. Gwaggo Mairama ta kwance bakin zaninta ta miƙo guda ta taga. Manniru ya juya shi a hannu, ya buga launinsa da girmansa, ya ƙiyasta kwanakinsa, ya haɗa da firinta don kowa ya ga amsar a rubuce, sannan ya danna maɓalli da ɗan yatsa guda yana kallon taga.

Firinta ta yi ƙara ta fitar da layi: A YAYYAFA RUWA.

"Kun gani?" in ji Manniru.

"Wannan daushe ne, goron bara," in ji Gwaggo daga taga. "Ka jiƙa shi yau, jibi ka zubar."

Firinta ta sake: A YAYYAFA RUWA. Ta ƙara. Ta ƙara. Takarda ta fara sauka daga tebur tana naɗewa a ƙasa.

"Tana jaddadawa ne," in ji Manniru.

"Tsayar da ita," in ji Madam.

Ya danna wannan, ya danna wancan. Yatsunsa duk mai, suna zamewa. Firinta ba ta san yana yi ba, kuka take tana amayo takarda, shafi na biyar, na shida, duk umarni ɗaya.

"Injiniya," in ji Babandi, "goron nan ai ya nutse."

"Barakatu ce ta koya mata aikin," in ji wani.

Tagogi suka ɗauki dariya. Sauran masu neman aikin suka fara waiwayowa, wani ya ce masa, "Oga, abeg, wannan ƙarar ta hana mu tunani." Madam ta nufo shi. Manniru ya ga in ta iso ta tsayar da abin da hannunta, ya gama yawo a Sabo. Ya yi wuf ya shige ƙarƙashin tebur, ya laluba, ya kamo waya mafi kauri ya fizge.

Firinta ta yi shiru. Kwamfutoci takwas ɗin nan ma duk suka yi shiru, fuskokinsu suka yi baƙi, domin wayar da ya cire ita ce uwar da ke ba su wuta gaba ɗaya. Aikin awa guda na mutum bakwai ya tafi.

Ba a taɓa zagin mutum da Yarbanci da Turanci a lokaci guda kamar yadda aka zagi Manniru a ƙarƙashin teburin nan ba. Ya fito da rarrafe, nektai ya juya baya, layar ta fito fili tana lilo. Madam Oyelaran ta dubi layar, ta ga kusurwa huɗu, ta ga ɗinki, ta cire gilashinta ta goge.

"Faifan ke nan?"

"Shi ne, Madam."

Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta ce, "Hannunka yana da sauri. Da ka ce mini shafi ɗaya ya ɓace, da na duba goman na ba ka maki a kansu. Ka tafi gida."

Ya fito, jama'a suka dare masa hanya. Babu wanda ya yi masa tsiya a kan hanya, sai da aka iso Sabo.

Kwana biyu bai leƙa waje ba. A na uku da safe aka yi sallama, ya fito ya tarar da mutane a zaure da ƙunshe-ƙunshe. Wannan da ƙullin daddawa zuwa ga 'yarsa a Agege, wancan da wasiƙa, wata ta aiko da turmin atamfa.

"Ai kun san ban samu aikin ba," in ji shi.

"Mun sani," in ji wani dattijo. "Amma mun yi maka bankwana, mun yi addu'ar hanya, mun kuma aika wa 'yan'uwa cewa kana tafe. Aiki daban, hanya daban."

Gwaggo Mairama ce ta zo ƙarshe da kwandon goro, ta ce na ƙanin mijinta ne, Musbahu, mai gadi ne a Legas, ga kwatancen wurin a takarda.

Haka Manniru ya shiga motar Legas da buhu guda. Ya yini yana rabon saƙo, kwandon Gwaggo ya rage na ƙarshe. Ya bi kwatance, ya sauka daga mota, ya sha kwana, sai ga shi a gaban bene hawa goma sha biyu, gilashi tun daga ƙasa har sama. Ya fi na kalanda kyau nesa ba kusa ba. Ya tsaya da kwando a ka yana kallonsa.

Wani dattijo ya leƙo daga ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa. Shi ne Baba Musbahu. Ya karɓi kwandon da murna, ya jawo Manniru ciki, ya ba shi benci, ya gargaɗe shi kada ya wuce farin layin da ke gaban ɗakin, daga nan sai ma'aikata. Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Kai ɗan wajen marigayi ne ko? Masha Allah, an girma. Wace sana'a ake yi yanzu?"

Manniru ya buɗe baki. Maganganu suka taso masa har wuya, irin waɗanda ya saba. Ya dubi farin layin, ya dubi samarin da ke wucewa ta kansa ba su ko kallon ƙasa. Ya tauna goron a hankali.

"Saƙo nake kaiwa, Baba."

"Madalla," in ji Baba Musbahu. "Ashe na dace. Akwai wani ƙunshi nan da zan ba ka ka kai wa Mairama."